Kuɗin littafi ɗaya gare ka: wanne za ka ɗauka cikin labaran mutum-mutumi masu tunani?

Tun da ChatGPT ya fito ƙarshen 2022 muhawara ɗaya ta ƙi ƙarewa tsakanin ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da na Birnin Kebbi da 'yan kimiyya na Aliero, wai shin na'ura za ta kai matsayin da za ta san tana nan, ta ji zafi ta ji daɗi, ko kuwa duk kwaikwayon baki ne kawai. Toh marubutan ƙagaggun labaran kimiyya sun haura shekara 100 suna juya wagga tambaya, tun wasan kwaikwayon R.U.R. da Karel Čapek ya rubuta a 1920, kuma gaskiya wasunsu sun fi masu gardamar Facebook zurfi nesa ba kusa ba. Matsalar ita ce littattafan da Turanci suke, ba kasafai za ka shiga shagon littattafai a garuruwanmu ka tarar da su ba, kuɗinsu kuma dala yake bi. Dan haka yawancinmu guda ɗaya za mu iya saye a tashi ɗaya, in ka yi kuskuren zaɓe ka ɗauko wanda za ka ajiye a shafi na 30 shikenan kuɗi sun tafi kuma sha'awar ta mutu.

Ga ma'aunin da zan auna su da shi.

Na farko kuɗi. Sabon bugu mai bango mai laushi a can Amurka ko Ingila yawanci tsakanin dala 10 zuwa 20 ne, sai ka lissafa da canjin ranar, sannan ka ɗora kuɗin aike, sabida ko daga shago irin Rovingheights na Abuja da Legas ka yi oda sai an ba direba ya kawo ma tasha, ta hanyar Zariya da Funtuwa in kana Gusau, ta Kontagora da Yawuri da Jega in kana Birnin Kebbi. Tsofaffin littattafai kan faɗo hannun masu shimfiɗa gwanjo a Kano da Zariya da araha, sababbi kuwa da wuya.

Na biyu ƙarko, kuma iri biyu nake nufi. Akwai na takardar kanta, dan ƙananan bugun nan na aljihu gam ɗinsu baya jure zafin Maris da Afrilu na wajenmu, ka bar shi cikin mota wuni ɗaya sai ka ga shafuka suna zubowa, ga gara in ka jingina shi da bangon ƙasa. Akwai kuma ƙarkon labarin, wato in ka gama za ka sake komawa ko karatu ɗaya ne an wuce wajen.

Na uku sauƙin Turanci. Wannan kada ka yaudari kanka a kai.

Na huɗu haɗari: batsa, ashar, abin da ya taɓa aƙida, da tarkon littafin da in ka fara sai ka sayi na biyu da na uku kafin ka ga ƙarshe.

Sai na biyar wanda ni a wajena ya fi duka nauyi: daga ina marubucin ya tsayar da kai? Wasu a waje suke ajiye ka kana kallon na'urar kana gwada ta kana zarginta, wasu kuma cikin kanta suke zaunar da kai kana ganin mutane da idonta. Ba karatu iri ɗaya bane ko kaɗan, kuma yawancin masu cewa littafi kaza bai yi musu ba a nan suka sha ƙasa, sun sayi irin da ba shi suke nema ba.

I, Robot na Isaac Asimov, 1950

Gajerun labarai tara ne aka ɗinke wuri ɗaya, wata tsohuwar masaniyar halayyar mutum-mutumi, Susan Calvin, tana ba ɗan jarida tarihin aikinta. In fim ɗin Will Smith na 2004 ka kalla kake tsammanin harbe-harbe da gudu da mota, babu su, suna kawai suka haɗa da 'yan abubuwa kaɗan. Duk littafin a kan dokoki uku ya tsaya: kada mutum-mutumi ya cutar da ɗan Adam ko ya zuba ido a cutar da shi, ya bi umarni sai in umarnin ya ci karo da ta farko, ya kare kansa sai in hakan ya ci karo da biyun farko. Kowane labari sai Asimov ya nemo inda dokokin za su sarƙe.

Misali akwai wani mai suna Speedy da aka aika ɗebo wani sinadari a duniyar Makyuri. Wanda ya aike shi bai matsa umarnin ba, a wajen kuma akwai abin da zai lalata shi, shi kuma mai tsada ne an ƙarfafa masa dokar kare kai, sai ya zama in ya matsa gaba doka ta uku ta turo shi baya in ya ja baya ta biyu ta turo shi gaba, ya kama zagaye wajen yana sambatu, su kuma injiniyoyi biyun da ke wajen rayuwarsu na kan wannan sinadari. Akwai kuma Herbie mai karanta zuciyar mutane, wanda ya fahimci ɓacin rai ma cutarwa ce, dan haka ya riƙa gaya wa kowa abin da yake son ji, har ya ce wa Calvin mutumin da take so a ɓoye shi ma yana sonta. An fara buga wannan labari a 1941 amma duk mai hira da manhajojin ƙirƙirarriyar basira na yanzu ya san wagga ɗabi'a ta "ai gaskiyarka ne" ko da shirme ka rubuta.

Kuɗi: shi ya fi araha cikin duka, an buga shi ba adadi, shi ne kuma wanda ka fi yiwuwar tsinta a gwanjo. Turancinsa miƙaƙƙe, ɗan aji shida na sakandare mai ƙoƙari zai iya. Babu batsa. Inda za a ɗan yi hattara labarin Cutie ne, wanda ya ƙi yarda mutane suka ƙera shi ya ƙirƙiro wa kansa abin bauta, in yaro za ka ba gara ka zauna da shi a kan wannan babin. Rauninsa kuwa mutanen ciki ba su da jini a jika, kuma da zarar ka san warwarar kacici-kacicin karatu na biyu baya da armashi sosai. Daga waje yake kallon na'ura gaba ɗaya.

Do Androids Dream of Electric Sheep? na Philip K. Dick, 1968

Daga wanga aka yi fim ɗin Blade Runner a 1982. Bayan yaƙin duniya ƙurar nukiliya ta kashe yawancin dabbobi, mutane da yawa sun yi ƙaura daga doron ƙasa, wanda ya rage a San Faransisko darajarsa a idon maƙwabta ita ce ya mallaki dabba mai rai. Rick Deckard tunkiyarsa ta lantarki ce yana kiwonta a saman bene yana ɓoye wa mutane, burinsa ya sayi ta gaske, sana'arsa kuma farautar mutanen roba da suka gudo, dala 1,000 kowane kai, an ba shi guda shida.

Abin da ya fi tsaya min a rai gwajin da yake musu ne. Tunda ba a bambanta su da mutum a ido, sai ya riƙa karanto musu wasu yanayi yana auna motsin ido da jinin fuska dan ya ga ko tausayi ya motsa, kaman a ce an ba ka kyautar walat na fatar ɗan maraƙi, ko an jefa abin ruwa da ransa cikin tafasasshen ruwa. Toh ka tsaya ka yi tunani, a kawo wannan gwaji kasuwar dabbobi ta Talatar Mafara ko wajen dukawa da majema ko ranar babbar sallah, wa zai tsallake? Dukanmu sai a ce mana na'urori. Kuma Dick ya san da hakan, da gangan yake nuna ma'aunin tausayi al'adar wuri ce ke gina shi, har cikin littafin ana fargabar gwajin zai iya kama wasu mutanen gaske masu taɓin hankali. Wannan shi ne ƙarfinsa, kana tafe kana rasa wa ya fi wani rashin imani tsakanin mai farauta da abin farautar.

Sai dai ba zan ba wanda bai saba ba shi a matsayin na farko. Kalmomin ba su da tsauri amma labarin yana juyewa ba sanarwa, akwai wani addinin ƙage a ciki da ake kama hannun wani akwati a haɗu da wani tsoho mai hawan dutse ana jifansa, sai ka karanta shafi biyu ka dawo baya kana tambayar kanka mi ya faru. Akwai kwanciya tsakanin Deckard da ɗaya daga cikin na roban, ga kisa, ga ƙuncin rai daga farko har ƙarshe. Kuɗinsa matsakaici ne zuwa ƙasa. Ƙarko kuwa ba a magana, karatu na biyu ya fi na farko.

Klara and the Sun na Kazuo Ishiguro, 2021

Ishiguro a Nagasaki ta Japan aka haife shi a 1954, ya tashi a Ingila, ya ci kyautar Nobel ta adabi a 2017, wannan ne littafinsa na farko bayan kyautar. Klara 'yar rakiya ce ta roba da ake saya wa yara dan kada kaɗaici ya dame su, da hasken rana take aiki, ita ke ba da labarin da bakinta tun tana jere a tagar shago tana jiran mai saye har wata yarinya 'yar shekara 14 mai rashin lafiya, Josie, ta zaɓe ta.

Nan kam cikin kanta kake zaune. Wata rana ta tagar shagon ta hango wani mabaraci da karensa kwance ba motsi ta ɗauka sun mutu, washegari rana ta fito ta haska su suka tashi, ita kuma tunda daga rana take samun ƙarfi sai ta yanke cewa Rana ce ta tashe su, kuma tunda ta iya yi wa mabaraci za ta iya yi wa Josie. Duk sauran littafin a kan wannan fahimtar ya ginu. Kai mai karatu ka san barci suke, ita ba ta sani ba, marubucin kuma bai taɓa fitowa ya gyara mata ba, sai ka tsinci kanka kana tausayin abin da ba ka da tabbacin yana ji. Haka maganganun manya take kawo su daidai yadda ta ji ba tare da ta gane mi ake ƙullawa ba, kai ne za ka haɗa ka gane abin da uwar Josie ke shirin yi da ita, kuma wallahi wajen yana da nauyi, ba zan faɗa ba.

Turancinsa shi ne mafi sauƙi bayan na Asimov, wani wajen ma ya fi shi, sabida Klara magana take a hankali kaman yarinya mai ladabi. Wahalar a haƙuri take, ba gudu ba faɗa, wanda ya saba da labari mai zafi zai ce ba abin da ke faruwa. Batsa babu. Maganar roƙon Rana ita ce za ta tsaya wa wasu a wuya, kuma da hujja, mu dai mun san amsar da aka bayar kan ruhi a Suratul Isra'i aya ta 85, al'amarin Ubangiji ne kuma ilimin da aka ba mu kaɗan ne. Ni yadda na karanta shi, littafin ba da'awar na'ura tana da ruhi yake ba, tambaya yake ko akwai wani abu a cikin mutum da ba za a iya kwafa ba komai ƙwarewar mai kwafar, wannan kuma tambaya ce da malami ma zai zauna a kai. Kuɗi ya ɗara na biyun baya amma tunda marubucin sananne ne shagunan Abuja da Legas sukan ajiye shi, bugun ma yawanci mai kauri ne da zai jure aro hannu zuwa hannu. In aka ce guda ɗaya tak, ni shi zan ɗauka.

All Systems Red na Martha Wells, 2017

Ɗan ƙarami ne, wajen shafi 150, ya ci kyautar Hugo da Nebula, manyan kyaututtukan ƙagaggun labaran kimiyya. Mai ba da labarin wani mai gadi ne rabi na'ura rabi tsoka da kamfani ke bayarwa haya ga masu bincike a wasu duniyoyi. Ya yi wa manhajar da ke tilasta masa biyayya kutse, ya samu 'yanci, kowa zai zaci kisa zai fara, shi kuwa sai ya ci gaba da aikinsa yana saukar da finafinai masu dogon zango yana kallo a ɓoye, kaman mai gadin da ya kafa waya a gwiwa yana bin fassarar Indiya amma ko kaza ta gifta ƙofa ya gani. Baya son a kalle shi cikin ido, baya son a tambaye shi yadda yake ji, ranar da shugabar tawagar Dakta Mensah ta fara ɗaukarsa a matsayin mutum sai duk ya rikice ya gwammace a bar shi cikin hular ƙarfensa.

Shi ya fi ban dariya, dare ɗaya za ka cinye shi. Amma Turancin na Amurkawan yanzu ne mai gatse da habaici, wanda bai saba da shi ba wargin zai wuce shi. Akwai ashar jefi-jefi da zubar jini, da ambaton wani tsarin aure da ba namu ba duk da ba a tsaya a kai ba. Babban haɗarinsa aljihu ne: in ka raba kuɗin da yawan shafi ya fi kowa tsada, kuma jerin littattafai ne masu yawa, na farkon kan zo da rangwame a Kindle, manhajar karatun littattafai ta Amazon, na gaba su ne ke cizo. Apple TV+ sun mai da shi shiri a 2025 ga mai son ya leƙa kafin ya saya.

Ancillary Justice na Ann Leckie, 2013

Wannan na manyan ɗalibai ne. Mai labarin a da jirgin yaƙin sararin samaniya ce guda mai hankali ɗaya da jikkuna dubbai, jikkunan kuma na fursunonin yaƙi ne da aka goge musu kai, yanzu saura jiki ɗaya take neman fansa kan mai mulkin daular. Ya ci Hugo da Nebula da kyautar Arthur C. Clarke. Babu wanda ya kai shi nuna yadda "ni" zai kasance a wurare da yawa lokaci guda. Sai dai wajen shafi 400 ne, lokaci biyu ake sassaƙawa, sunaye masu wuya, kuma kusan kowa da lamirin mace ake kiransa ko namiji ne, kashi ɗaya cikin huɗu na farko kanka zai ɗau zafi. Uku ne a jere, sauran sun fito 2014 da 2015.

| Littafi | Girma | Kuɗi | Turanci | Sake karatu | Abin lura |
|---|---|---|---|---|---|
| I, Robot | wajen shafi 250 | mafi araha | mai sauƙi | kaɗan | babin Cutie |
| Do Androids Dream | wajen 240 | matsakaici | kalma sauƙi, labari murɗaɗɗe | sosai | kwanciya, kisa, addinin ƙage |
| Klara and the Sun | wajen 300 | matsakaici zuwa sama | mai sauƙi | sosai | roƙon Rana, tafiyar hawainiya |
| All Systems Red | wajen 150 | tsada a kan girmansa | gatsen Amurkawa | matsakaici | ashar, tarkon ci gaba |
| Ancillary Justice | wajen 400 | sama | mai wuya | sosai | kashi uku ne |

Takarda ko waya? Na waya ya fi araha ba kuɗin mota, in katin bankinka ya yarda ya biya, dan wani yana wucewa wani baya wucewa. Amma ka tabbata ka saukar da shi gaba ɗaya cikin wayar, duk wanda ke Zamfara a Satumban 2021 da aka rufe layukan sadarwa ya san abin da ke intanet ba naka bane sai ya sauka. Fayilolin sata da ke yawo a guruf kuwa ban da haƙƙin mai shi, wasu babi guda ya ɓace a ciki wasu kuma da ƙwayar cutar waya suke zuwa.

Toh wa zai ɗauki wanne.

In ɗalibin kwamfuta ne kai ko injiniya a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙauran Namoda ko Waziri Umaru, kana son abin da zai sa ka tunanin yadda doka ke karyewa a hannun na'ura, ko kuma ƙanenka na sakandare za ka saya wa, Asimov. In littafi ɗaya za a saya ya zaga gida, ke ki karanta yayarki ta karanta har malamin Turancin unguwa ya ara, kuma tambayarki ita ce yaya abin yake daga ciki, Klara. In ka riga ka saba da karatun Turanci kana son wanda zai hana ka barci da gardama, kuma abubuwan da na lissafa ba za su dame ka ba, Dick. Wanda ya daɗe bai gama littafi ba yana son ya dawo fagen, Wells, amma ya yanke wa kansa tun farko guda nawa zai saya. Leckie ka bar ta sai ka gama biyu cikin waɗancan.

Mai son ya ga Najeriya a ciki ya nemi Death of the Author na Nnedi Okorafor da ya fito 2025, labarin wata marubuciya 'yar Najeriya a Amurka mai lalurar ƙafa, da wani labarin a cikinsa na mutum-mutumi da ke yawo a ƙasar nan bayan mutane sun ƙare, sai dai sabo ne dan haka da tsada, kuma na manya ne, akwai shaye-shaye da kwanciya. Wanda kuma ko sisi babu a hannunsa yanzu, R.U.R. yana shafin intanet na Project Gutenberg kyauta ta halal, Blindsight na Peter Watts na 2006 shi ma marubucin da kansa ya sake shi kyauta a intanet, shi hujjarsa ma ta juye ce, wai abu zai iya yin wayo matuƙa ba tare da ya san yana nan ba, amma Turancinsa ya fi na Leckie tauri, ka tanadi ƙamus kusa.